Amyoyin Ɗorayin Kafin Dafga

Ran nan ina kishingiɗe a zaure na ji ɗayanku yana cewa wai kiwon zuma ba sana'a ba ce, ka rataya kwando a itace ka tafi ka yi barcinka, bazara ta yi ka dawo ka kwashi zaƙi. Na yi shiru ne don bakina cike yake da goro. To yau na tofar, ku matso.

Abin da za ku fara sani, mai amya ba shi da ƙuda ko ɗaya. Mai shanu yana da shanunsa, mai kaji yana da kajinsa, mu kuwa ɗaki kawai muke saƙawa mu ɗora a sama, mu koma gefe mu zuba ido. Ƙudan zuma ne zai zo ya duba. In ɗakin ya yi masa ya shiga, in bai yi masa ba ya wuce abinsa, kuma ba alƙalin da za ka kai wa ƙara. Duk sana'ar a nan take, ka san abin da yake dubawa. Ni sai da na kusa rasa itatuwana na gane, kuma daga bakin mutumin da bai taɓa hawa itace ba.

Amyata ta farko a Tudun Kaya na saƙa ta, a gaban Kawu Barau, ƙanen mahaifiyata, wanda ya koya mini aikin. Gamba muka yanko, na saƙa ta doguwa kamar ganga, na ɗaɗɗaure da igiyar rama, na shafe ta ciki da waje da ɗanyen kashin shanu, na bar ta ta bushe a inuwa. Murfi biyu ake yi mata, faifai ne da aka yaɓe, ɗaya ya toshe baya, ɗaya ya toshe gaba, shi ne mai 'yar ƙofar da ƙuda ke shiga. Na kawo ta ina ta washe baki. Kawu ya cire murfin gaba, ya zura kansa ciki, ya ɗaga ta wajen rana.

"Ɗanjuma," na ji muryarsa daga ciki, "amya na sa ka ko rariya? Ga kasuwar Karaye can ina hangowa."

Sai da na yi ta yaɓe har haske ya daina shiga. Kawu ba ya awo da komai sai jikinsa. Tsawon amya, ya zura hannu har hammata, yatsunsa su taɓo murfin baya. Ƙofa kuwa, babban yatsansa ya cika ta. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce haka ya tarar. Shi ba mai bayani ba ne, zai nuna maka, ka yi, in ka ɓata ka sha ranƙwashi.

Turara amya ma aiki ne. A zuba garwashi a kasko, a sa ƙaron hano da ɗan guntun tsohuwar saƙar zuma, a kifa amyar a kai ta sha hayaƙi har ta ƙoshi. Sannan ka ɗaura mata igiya ka hau, ka jawo ta, ka nemi inda reshe ya rabu biyu ka kwantar da ita, ka ɗaure, ka yi mata hula da ciyawa. Kada ƙofa ta kalli gabas, don ta nan iskar ruwa ke bugowa. Duk wannan kana tsaye da ƙafa ɗaya a reshe, ƙwarƙwasa tana cin cinyarka, ba damar sosawa. Ɗiban zumar ma ba zan tsaya a kai ba, wanda bai taɓa hawa ɗorawa ba riga da bakin wuta a hannu ba zai yarda da ni ba.

Masu saye kuwa iri-iri. Tsofaffi su saya wa masu jego, malamai su saya don rubutun sha, masu alewa su zo da ciniki kamar za su cire maka ido. Akwai wata tsohuwa a kasuwar Rogo da take bin rumfar masu zuma daga wannan kai zuwa wancan, tana tsoma yatsa a kowace ƙwarya, ta lashe, ta ce wannan an yi mata haɗi. Har na bar zuwa kasuwar ban ga ta sayi ko ludayi ba. Kaki kuwa, abin da ke saura in an tace zuma, dukawa muke ba wa su murza zare, sau da yawa kyauta.

Sai aka shiga shekarun yaƙin Turawa, dillalan wani kanti na Kano suka fara zuwa kasuwannin Karaye da Rogo suna neman kaki ido rufe. Abin da muke kyautarwa ya zama abin nema. Masu amya duk muka yi lissafi iri ɗaya, in ɗaki ya fi girma saƙa za ta fi yawa, in ƙofa ta fi faɗi ma'aikata za su fi shiga. Aka shiga saƙa amyoyi kamar rumbu, mutum biyu ke ɗaukar ɗaya. Wanda ya fi kowa a wannan fage shi ne Gambo, wani mai amya na Kwanyawa, kakkaura, mai son a gan shi.

Yanzu ku ji zancen itatuwa. Mai amya ba shi da itace kamar yadda ba shi da ƙuda. A gonar wani yake ɗorawa, da izinin mai gona, kuma ƙwaryar farko ta mai gona ce. Al'adar kuwa ita ce, in ka ɗora da kaka, har ɗorawa ta yi fure ƙuda bai shiga ba, to itacen ya ƙi ka, ka sauke wani ya ɗora. Kawu yana da izinin wasu ɗorayi a gonar Malam Isa a Kafin Dafga, manya, kusa da rafi, tun kafin zuwan Turawa yake ɗora amya a kansu. Duk ƙasar nan ba wurin da ya kai su. Da zumarsu gidan Kawu yake ci.

Mugunyar shekarar da rani ta fara. 'Yan farauta suka saki wuta, iska ta kwaso ta ta bi ta gonar Malam Isa. Ɗorayin sun tsira da ƙuna a gindi, amma amya ciyawa ce, ko ɗaya ba ta rage ba. Ƙuda ya watse. Da damina ta tsaya Kawu ya kwanta, bai tashi ba. Ya bar matarsa Inna Ladi, tsohuwa, ba ɗa namiji, ya bar ni da igiya da wuƙa da sunan itatuwan nan.

Na saƙa sababbi, manya, irin na yayi, masu ƙofar da hannu ke shiga. Na turara su kamar ɗakin amarya, na ɗora da kaka. Tarin ƙuda ya yi ta wucewa ta saman gonar, ina jin rugugin tafiyarsa, ko waiwaye babu. Abin da ya fi ba ni haushi, kullum da hantsi sai in ga ɗaya ko biyu sun zo. Ni 'yan leƙe nake ce musu. Ɗaya ya sauka a bakin ƙofa, ya shiga, ya daɗe, ya fito, ya kewaya amyar, ya sake shiga, sannan ya tashi, ba za ka ƙara ganinsa ba. Na sake turare. Na shafa zuma a bakin ƙofa, tururuwa ta zo ta yi biki. Na canza reshe. Shiru.

Wata rana Malam Isa ya same ni a gindin itace, muka gaisa.

"Ɗanjuma, ya ƙoƙari?"

"Da godiya, Allah gafarta Malam."

"Ka san ni da kawunka ba mu taɓa sa-in-sa ba. Amma iyalina da daddawa suke rufa asiri, kuma shekarar da ba ƙuda a itacen nan kalwa ba ta yin auki. Gambo ya zo gaisuwa har gida, yana son itatuwan." Ya ɗaga kai ya dubi rassan. "Ga shi ta fara gunda. Ranar da furen ya buɗe, in ba kowa a ɗakunan nan, ka yi haƙuri ka sauke."

Gaskiyarsa ce. Amyoyin Gambo ma yawancinsu wayam suke, na sani, amma wa zai hau ya duba? Daga ƙasa girmansu kawai ake gani. Na ji tsoro ƙwarai, don in itatuwan nan suka tafi ban san abin da zan gaya wa Inna Ladi ba.

Ranar kasuwar Rogo na tafi da igiyoyi in sayar, tunda ba zuma. Kusa da ni akwai rumfar Tanko mai goro, wanda ya yi shekaru yana dakon goro a Ikko, a bakin teku. Tun da ya dawo ba ya rufe baki, har aka sa masa suna Tanko Teku, kuma ba mai yarda da rabin abin da yake faɗa. Yana da wata katantanwa babba mai zane-zane da yake zuba garin taba a ciki. Ranar nan wani ya tambaye shi inda ya samo ta.

"Wannan? Gidan wani ne na ƙwace," in ji Tanko. "Akwai wata ƙaguwa a can, Allah ya yi ta ba wando. Gabanta sulke, hannunta kamar awartaki, amma bayanta laushi tuɓus. Ba ta da ƙoƙo nata. Sai ta nemi katantanwar da mai ita ya mutu ya bari, ta shige da baya, ta riƙa yawo da ita a kan rairayi."

"Kai Tanko, ka ji tsoron Allah!" mutane suka fashe da dariya.

"Wallahi da idona! Kuma ba kowace take shiga ba. In ta samu, sai ta juya ta, ta ƙwanƙwasa, ta zura hannu ciki ta shafa ko'ina, ta zazzage yashi, ta sake zurawa. Ni na zauna na ƙyale dako ina kallo har aka zage ni. In ta yi mata kaɗan ta bar ta. In ta yi mata yawa ma ta bar ta."

Nan na ajiye igiyar da ke hannuna. "Tanko, in ta yi yawa me zai hana ta shiga? Ba ta samu wadata ba?"

"Wadatar me? Wa zai ja mata kayan? Kuma ita in tsuntsu ya kawo sura, ciki take komawa ta toshe baki da hannun nan nata. In bakin ya fi hannunta, ai ta zama abincin rana. Tsaya ma ka ji na mamaki. In ƙarama ta tsinci babba, ba ta tafiya, sai ta zauna a gefe. Wata ta zo ta gwada, ta zauna. Har su yi layi, babba gaba, ƙarama baya. Sai wadda ta dace ta zo ta shige, ta bar tata. Kafin ka ƙifta ido ta bayanta ta faɗa waccan, ta bayanta ta faɗa tata, har kan 'yar auta. Kowa ya tashi da sabon gida! Kuma sun fi rububin wadda 'yar'uwarsu ta taɓa zama a ciki."

Ana ta dariya ana cewa yau kuma ƙaguwa ce da layi kamar masu jiran awon gyaɗa. Ni kuwa ban yi dariya ba. Ta zura hannu ta shafa ko'ina! To me 'yan leƙen nan suke yi a cikin amyata in sun daɗe? Ba turare suke shaƙa ba, awo suke yi da ƙafa. Suna auna ɗakin da jama'arsu za ta iya cikawa ta ɗumama, suna auna ƙofar da za su iya tsarewa in zanzaro ko ƙadangare ya zo. Hannun Kawu har hammata, babban yatsansa a ƙofa, ashe ba al'ada ce kawai ba. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba.

"Tanko, riƙe mini igiyoyin nan!"

"Ina za ka? Ban kai ƙarshe ba, akwai wani kifi mai..."

Ban ji kifin ba har yau.

Sake saƙa ba lokaci, gundar ɗorawa ta fara ja. Sai na sauko da amyoyin ɗaya bayan ɗaya. Na ɓamɓare murfin baya na tura shi ciki, na zura hannu ta gaba har yatsuna suka taɓo shi. Da yake faɗin ya yi yawa, na ƙara turawa kaɗan. Na cusa ciyawa a ramin da ya rage a baya, na yaɓe. Ƙofar nan mai shan hannu na cike ta da yumɓu da kashin shanu har sai babban yatsana kawai ke shiga. Saura gidan da aka taɓa zama. Duk tsofaffin sun ƙone, sai ɗaya, wata yagaggiya da Kawu ya soke a rufin zaurensa, cikinta baƙi ƙirin da tsohon kaki. Na je na durƙusa gaban Inna Ladi.

"Inna, amyar Kawu ta zaure nake so. Yanka ta zan yi gunduwa-gunduwa."

Ta ɗaga kai ta dubi zauren. Amyar nan kaɗai ce abin hannunsa da ya rage a gidan.

"Zai dawo da ƙudan?"

"Ban sani ba, Inna. Ina zato."

"Ɗauki. Shi ma da yana nan da ya yanka."

Na liƙa gunduwa ɗaya a cikin kowace amya, na mayar da su sama. Ɗaya kawai na bari yadda take, babba mai faɗin baki, a reshe ɗaya da wata da na gyara, don in ga gaskiyar Tanko da idona.

Washegari da hantsi ɗan leƙe ya zo. Ya shiga babbar, ya fito, ya shiga gyararriyar, ya daɗe. Ya tashi. Na ce shi ke nan. Kafin in gama cewa sai ga shi ya dawo, ko wani mai kama da shi, da 'yan rakiya. Kashegari suka ƙaru. Bakin 'yar ƙofar nan ya zama kamar bakin rijiya da safe, wannan na shiga wannan na fita, babbar kuwa ko mai leƙa ta babu. Na kasa cin abinci don murna da fargaba. Amma leƙe ba shiga ba ne, kuma a daren nan furen ya buɗe.

Da safe ɗorayin sun yi ja jawur, tuntaye na lilo a kowane reshe. Ga Malam Isa da sandarsa. Ga Gambo da jakinsa, an ɗora masa amya biyu da suka fi jakin girma, sai kunnuwa kake gani.

"Sannu da aiki, Ɗanjuma," in ji Gambo. "In kana son hannu wajen saukewa, ga ni."

Na juya wajen mai gona. "Allah gafarta Malam, a ba ni zuwa azahar."

"An ce ranar da fure ya buɗe," Gambo ya ce.

"Ranar ba ta ƙare ba," in ji Malam Isa, ya nemi inuwa ya zauna.

Rana ta yi ta hawa. Sai na lura bakin ƙofar ya yi tsit, 'yan leƙen duk sun ɓace. Gambo ya gani, ya yi murmushi, ya fara kwance igiyar jaki.  Inuwa ta dawo gindin itace, Malam Isa ya fara gyara hannun riga zai yi alwala.

Jakin ne ya fara ji. Ya miƙe kunnuwa wajen rafi. Sannan muka ji, can ƙasa-ƙasa kamar ana niƙa a nesa, yana ƙaruwa, yana ƙaruwa, har sama ta yi duhu-duhu a kan gonar. Jama'a, ban taɓa ganin tari irin wannan ba! Suka kewaye ɗorawar, suka sauka a reshen nan, tsakanin babbar amya da gyararriyar, suka dunƙule.  Sai gefen dunƙulen ya fara zarewa, suka bi reshe a ƙafa, suka bar babbar a bayansu da bakinta a buɗe, suka dinga ɗurawa ta 'yar ƙofar nan.

"Sun shiga! Malam, sun shiga! Wallahi sun shiga!"

Ban san lokacin da na kama itacen na hau ba. Ba riga a kai, ba hayaƙi, ba komai, wai sai na gani kusa. Mai amya da hankalinsa ba ya yin haka. Masu tsaron ƙofa kuwa har sun kama aiki, suka yi mini maraba a goshi da fatar ido da leɓe. Na sauko da gudu ina dariya ina kaɗe kai. Jakin Gambo ya ga abin ba nasa ba ne, ya yanki gona da amyoyin a bayansa, Gambo na binsa yana kiran sunansa.

Malam Isa ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. "To, masu ɗaki sun yanke hukunci, ni wane ne? Itatuwa naka ne, Ɗanjuma. Allah ya sa albarka, Allah ya ji ƙan Barau."

Kafin furen ya kaɗe, yawancin gyararrun sun samu baƙi. Babbar nan kuwa ƙadangare ne ya tare a ciki. Gambo da kansa ya zo daga baya ya ce in nuna masa inda na tura murfi, na nuna masa, don itatuwa sun ishi kowa in dai ba nawa ba ne.

Amma a ranar, daga gonar na nufi Tudun Kaya kai tsaye. Kafin in isa idona ɗaya ya rufe ruf, leɓena ya yi kamar an ɗora wani a kai, sallamar ma da ƙyar ta fita. Inna Ladi tana tsakar gida tana tsince wake. Ta ɗago ta dube ni.

"Wane ne?"

"Ni ne, Inna. Ɗanjuma."

Ta ajiye faifan, ta taso a hankali, ta sa hannu ta shafa kumatuna da goshina. Kumburin ya gaya mata ƙuda ya dawo.

"Tun da wutar nan ta ci, ban ga irin wannan fuska ta shigo gidan nan ba," ta ce. Ta yi dariya, sannan ta kama gefen zanenta ta share ido. Ta nuna mini buzun Kawu da ke rataye a bango. "Sauko da shi ka zauna a kai. Bari in kawo maka ruwa."